Wutar ƙaiƙayi a cikin jini

'Yan uwana matasa, sau nawa muka ji an ce, "Lafiyarsa ƙalau, jiya ma tare muka yi sallar Isha'i," da safe kuma sai ga sanarwar jana'iza? Ajali idan ya zo babu makawa, mun yi imani da haka. Amma yawancin abin da muke kira faɗuwa farat ɗaya ya yi shekaru yana cin jiki ta ƙarƙashi, kamar wutar ƙaiƙayi.

Idan hayaƙin sigari ko na shisha, ko hawan jini, ko ciwon suga ya ƙuje bangon jijiyar jini, kitse yakan maƙale a wurin. Sai fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, su garzayo suna fesa sinadarai irin su MPO da Lp-PLA2. Wurin ya kumbura, ya zama kamar maruru a cikin jijiya. Ranar da ya fashe, jini ya daskare a kansa ya toshe hanya, ranar ce ake cewa zuciyar wane ta buga.

Ita kuwa hanta, da zarar an sami kumburi a jiki, takan saki wani sinadari mai suna CRP. Shi likitoci suka fi aunawa, ta gwajin hs-CRP. Ƙasa da miligiram 1 a litar jini, da sauƙi. Ya haura 3, a tashi tsaye. A shekarar 2008, wani bincike da Paul Ridker na Jami'ar Harvard ya jagoranta ya ɗauki mutum kusan 18,000 waɗanda kitsen jininsu bai yi yawa ba, amma CRP ɗinsu ya hau. Waɗanda aka bai wa maganin rage kitsen jini mai suna rosuvastatin, matsalolin zuciya da shanyewar jiki sun ragu a cikinsu da kashi 44 cikin ɗari. Wato a ce maka "kitsenka daidai yake" ba takardar sallama ba ce.

Sai dai na san halinmu. Wani yana gama karanta wannan zai ruga ɗakin gwaji alhali zazzaɓin cizon sauro na jikinsa, ya ga adadin ya wuce 10, ya hau rubuta wasiyya. Malam, kwantar da hankalinka. Maleriya, taifot, har ciwon haƙori, duk suna harba CRP sama. Ka warke tukuna, bayan mako biyu ka sake, sannan ka kai wa likita ya haɗa shi da awon hawan jini da suga da tarihin gidanku.

Wannan tumbin da ake yi maka kirari da shi a majalisa, wai hutu ya zauna, shi kansa kumburi yake hurawa dare da rana. Haka dasashin da ke zubar da jini in ka yi asuwaki. Ka ajiye shisha, ka rage lemon kwalba, ka taka da ƙafa ko da rabin awa ne a rana.

Kuma don Allah kada ka shiga kemis ka sayi asfirin kana sha kullum don wani ya ce yana tsinka jini. Yana iya ɓarke maka da zubar jini a ciki, musamman in kana da gyambon ciki.