Kurkum ba ya maye gurbin maganin asibiti

Ana yawan cewa tunda kurkum daga ƙasa ya fito, komai yawan da mutum ya sha ba zai cutar da shi ba. Har akwai masu ciwon suga da ke ajiye maganinsu su koma kwaɓa garinsa da zuma safe da yamma. Wannan kuskure ne babba.

Kurkum yana da amfani, babu musu. Sinadarin da ake kira kurkumin (curcumin), wanda ke ba shi launin rawaya, yana rage kumburi, kuma wasu masu ciwon gwiwa suna samun sauƙi. Sai dai wannan sinadarin bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na garin ba, kuma hanji ba ya tsotsarsa sosai. Shi ya sa ake haɗa shi da masoro da ɗan mai. Ɗan abin da uwargida ke barbaɗawa a dafa-duka ko miya ba shi da matsala.

Matsalar tana wajen ƙwayoyin kurkumin masu ƙarfi da shan garin cokali-cokali. Yana iya ƙara tsinka jinin mai shan warfarin (maganin hana daskarewar jini), ya tayar wa mai tsakuwar matsarmama ciwo. Sinadarin oksalet da ke cikinsa kuma yana taimakawa wajen haifar da tsakuwar ƙoda. An samu waɗanda ƙwayoyin suka lahanta wa hanta. Mai juna biyu ta tsaya a na girki kawai.

A kula da na kasuwa ma. A Bangladesh an gano masu zuba masa sinadarin dalma mai guba don ya ƙara kyan launi, don haka gara a sayi ɗanyar saiwar a daka a gida.