Rubutun Sinawa ba zane ba ne

Shekarata ta shida ke nan a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, kuma har yanzu in na tura hoton rasit ɗin kaya gida sai wani ya tambaye ni, "Alhaji, yaya kake gane waɗannan zane-zanen?" Ni ma da wannan tunanin na zo. An nuna mini 山 aka ce dutse ne mai kai uku, 木 bishiya, 日 rana, na ɗauka kallo kaɗai zai ishe ni. Irin waɗannan haruffa kuwa 'yan kaɗan ne. Wajen shekara ta 100 miladiyya wani malami mai suna Xu Shen ya tattara haruffa 9,353, waɗanda suka samo asali daga hoton abu ba su kai biyar cikin ɗari ba. Fiye da tamanin cikin ɗari haɗi ne, gefe guda yana nuni da ma'ana, ɗaya gefen yana nuni da furuci. Dubi 妈, wato uwa: akwai mace a hagu, doki a dama. Babu ruwan uwa da doki. An sa shi ne don sunansa "ma", kamar yadda ake kiran uwa.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne shaidar ƙwaƙwalwa. A shekara ta 2000, masana biyu 'yan Faransa, Laurent Cohen da Stanislas Dehaene, sun bayyana wani ɗan gurbi a ƙasan ƙwaƙwalwa ta ɓangaren hagu, wanda aikinsa gane surar rubutu. Mai karanta Faransanci da mai karanta Sinanci, kusan wuri guda ke motsawa a kawunansu. Tun 1892 ma wani likita, Dejerine, ya ba da labarin mutumin da ya samu bugun jini a wannan yanki: yana gane mutane da kayan ɗaki, yana iya rubutu, amma ya kasa karanta abin da hannunsa ya rubuta.

Ido dai ɗabi'arsa daban in yana kallon hoto. Buta, ko bakinta ya kalli gabas ko yamma, buta ce. Rubutu bai yarda da wannan sassauci ba. Shi ya sa yaro ɗan aji ɗaya ke musanya b da d, har sai ƙwaƙwalwarsa ta saba cewa juyi yana canza harafi. Mu ma ƙugiya ɗaya ce ta raba bari da ɓari, ɗigo ya raba ب da ت. A nan 土 ƙasa ce, 士 masani, bambancinsu wane layi ya fi tsawo. 未 "bai riga ba", 末 "ƙarshe". Wanda ke kallonsu a matsayin hoto ba zai taɓa rarrabe su ba.

Inda Sinanci ya ɗan sha bamban shi ne nauyin da yake ɗora wa hannu. Tan Li Hai da abokan aikinsa na Jami'ar Hong Kong sun gano a 2005 cewa, cikin yaran Beijing, iya kwafar harafi yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da iya karanta shi. Na yarda da wannan tun kafin in ji binciken, don a kasuwa in wani ya rasa harafin da ake nufi, sai a zana masa da yatsa a tafin hannu, shi kuma ya bi motsin ya gane. Ɗan maƙwabcina kullum da yamma yana cika littafi mai gida-gida da harafi ɗaya, layi bayan layi, kowane zare da tsarin da ake jan sa.

In na gan shi, zauren malaminmu nake tunawa. Alu, ambaki, wau, zal, daga babbaƙu zuwa farfaru, a rubuta da tawada, a biya, a wanke allo, a sake. Wasu 'yan boko suna raina wannan hanya, suna cewa ɓata lokaci ce. Ban yarda ba. Tsangaya tana da matsalolinta na gaske, bara da rashin kulawa, kuma ba na kare su. Sai dai maimaita rubutu da hannu ba ya cikinsu, kuma ƙasar da ke ƙera wayoyin da muke riƙe da su ba ta daina tilasta wa 'ya'yanta shi ba, sai sun mallaki haruffa wajen 3,500.

Sinawa ma suna kuka da waya. Suna da magana, 提笔忘字, wato ka ɗauki alƙalami harafi ya ɓace maka, saboda an saba buga furuci da haruffan boko waya ta zaɓo. Wannan ne ya sa, da ƙanwata ta ce za ta saya wa ɗiyarta mai shekara biyar kwamfutar hannu don ta koyi karatu, na roƙe ta ta dakata. Na aika mata da littattafan rubutu dozin biyu da fensira a cikin kayan da suka tashi watan jiya.