Wa aka tambaya kafin a ce mana jama'a na son shugaban ƙasa?

Tun da guguwar zaɓen 2027 ta fara kaɗawa aka sake dawo mana da sana'ar nan ta yawo da alƙaluma. Ka buɗe Facebook ko WhatsApp sai ka ci karo da hoto mai launi-launi, ga fuskar Tinubu a gefe ga wani adadi ɓaro-ɓaro a gefe, yau wannan shafin ya ce farin jininsa ya tashi, gobe wancan ya ce ya faɗi warwas, kuma ba sunan wanda ya yi binciken, ba ranar da aka yi shi, ba yawan mutanen da aka tambaya balle a gaya maka a ina suke. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba yaran soshiyal midiya kaɗai ke wannan ba, har da masu ilimi da muke ganin girmansu, mutum ya zauna a gidan rediyo ya karanto adadin da ya tsinta a waya sannan ya rufe bakin kowa da cewa ai alƙaluma ba sa ƙarya. To alƙaluma suna ƙarya, kuma mun gani da idonmu shekaru kaɗan da suka wuce, mantuwa ce dai ta yi mana yawa.

A watan Satumba na 2022 gidauniyar ANAP ta Atedo Peterside ta fitar da sakamakon ƙuri'ar jin ra'ayin da ta sa kamfanin NOIPolls ya yi mata ta waya. Peter Obi kashi 21 cikin ɗari, Tinubu 13, Atiku 13, Kwankwaso 3. Kowa ya ɗauki wannan ya yi ta gudu da shi, jaridu suka buga Obi na kan gaba, magoya bayansa suka fara murna tun kafin a buga takardun ƙuri'a. Amma a cikin wannan takardar dai an rubuta cewa kashi 32 sun ce ba su yanke shawara ba, kashi 15 kuma sun ƙi faɗa ƙememe. Wato kusan rabin waɗanda aka kira ba su ba da amsa ba. Da aka sake yi a watan Fabrairu na 2023, ana saura kwanaki zaɓe, waɗannan biyun a haɗe sun ma haura rabi. Wannan shi ne labarin, shi ya kamata ya zama kanun jarida, amma wa ya kula? Ita kuwa wadda kamfanin Premise ya yi wa Bloomberg ta manhajar babbar waya, cewa ta yi kashi 72 na waɗanda suka tsayar da ɗan takara Obi za su zaɓa.

Ranar 25 ga Fabrairu aka je rumfa. Tinubu ya samu ƙuri'a miliyan 8.79, Atiku miliyan 6.98, Obi miliyan 6.1, wato kashi 25, Kwankwaso kusan miliyan ɗaya da rabi, wanda kusan miliyan guda daga Kano kaɗai ta fito. Mutumin da aka ba kashi 3 ya tashi da sama da 6. Na san amsar da za a ba ni, wai maguɗi aka yi shi ya sa, kuma ni ma ban manta da yadda na'urar ɗora sakamako ta INEC ta ƙi aiki a zaɓen shugaban ƙasa ba, amma babu maguɗin da zai mayar da 72 ya koma 25, duk wanda ya tsaya layi a Dutse ko Gusau ko Birnin Kebbi ranar nan ya san haka.

Matsalar ba a yawan mutanen da ake tambaya take ba, kuma masu cewa "ta yaya mutum dubu za su wakilci miliyan ɗari biyu" ba su fahimci abin ba. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya zazzage buhu, hannu ɗaya yake ɗiba ya san abin da ke ciki, amma fa sai ya cusa hannun har tsakiya, don ya san saman buhu ne ake yi wa ado. Masu kiranmu a waya saman buhun suke ɗiba. Wa ke ɗaga waya ya zauna minti goma yana amsa wa baƙo tambayar siyasa? Mai caji, mai sabis, wanda bai tsoron lambar da bai sani ba, galibi namiji, galibi ɗan birni, galibi wanda ya yi boko kuma yana da ra'ayi mai zafi da yake so a ji. Matar da ke ƙauye wadda waya ɗaya ce a gidan kuma tana aljihun maigida, ita ce za ta fi kowa sammakon zuwa layi ranar zaɓe, kuma ita ce ba za a taɓa samu a waya ba. Manomin da wayarsa ke kwana biyu a shagon caji haka. A 2021 an rufe layukan sadarwa gaba ɗaya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda 'yan bindiga, a 2022 aka toshe miliyoyin layuka saboda ba a haɗa su da lambar NIN ba, duk wannan mutane ne da ke ɓacewa daga lissafi alhali katinsu na zaɓe na nan a ajiye.

Sannan ga tsoro, wanda mai zaune a ofis a Abuja ba zai gane nauyinsa ba. A yankin da kiran baƙuwar lamba kan zama na masu garkuwa da mutane ko na 'yan damfara, a garin da kowa ke zargin kowa da zama infoma, kai kana tsammani wani zai ji muryar da bai sani ba tana tambayarsa ra'ayinsa kan shugaban ƙasa ya buɗe mata cikinsa? Ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Bahaushe ko yunwa ya kwana da ita ka tambaye shi ya gari zai ce maka Alhamdulillahi, ba munafunci ba ne tarbiyya ce, wani kuma zai yaba wa gwamnati ne don yana zaton sunansa za a sa a jerin masu karɓar tallafi. Ita kanta Afrobarometer, wadda tun 1999 take wannan aiki a ƙasashen Afirka kuma gida-gida take bi a zauna da mutum a yi magana da harshensa, a ƙarshen hirarta takan tambayi mutum wa yake zaton ya aiko su, kuma da yawa gwamnati suke cewa. Idan mai amsa ya ɗauka gwamnati ce ke tambayarsa ko yana son gwamnati, to me ka auna?

Akwai kuma abin da ba a so a faɗa. Duk mai binciken kirki in ya gama tattara amsoshi sai ya daidaita su da yadda al'ummar ƙasa take, mata nawa, matasa nawa, 'yan karkara nawa, kowace jiha nawa. Da me za a daidaita a Najeriya? Rabonmu da ƙidaya tun 2006, lokacin da aka ce mu miliyan 140 ne, wadda aka shirya yi a 2023 aka ɗage ta. Yaron da aka haifa shekarar ƙidayar nan yau ya isa yin zaɓe. Duk wanda ya ce maka ya san kason da ya kamata Arewa maso Yamma ta samu a samfurinsa ƙiyasi yake yi a kan ƙiyasi. Kuma ko an dace, binciken mutum dubu ɗaya kuskurensa kan kai maki uku sama ko ƙasa, idan ka yanko na shiyya ɗaya, a ce mutum 250 ga jihohi bakwai masu rajistar masu zaɓe sama da miliyan 22, kuskuren ya haura maki shida. Amma za ka ji ana shelar wai farin jinin shugaban ƙasa ya ƙaru da maki biyu a Arewa, har a yi masa shiri na musamman. Haba jama'a.

Kada wani ya ɗauka namu ne kaɗai. A Amurka inda aka ƙirƙiro sana'ar, mujallar Literary Digest a 1936 ta aika takardun tambaya miliyan goma, sama da miliyan biyu suka dawo, ta ce Alf Landon zai kayar da Roosevelt. Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Sunayen da ta yi amfani da su daga littafin masu tarho da rajistar masu mota ta kwaso yawancinsu, a lokacin da talaka ke fama da abin da zai ci. Kuskuren da ake mana yau kenan sak, an kusa shekara casa'in, waya ce kawai ta canza kama.

To a ce ma an yi komai daidai, an samu kowa, kowa ya faɗi gaskiya. Abin da aka auna shi ne yanayin zuciyar mutane a wannan makon, shi kenan. George Bush babba ya kai kashi 89 a ma'aunin farin jini na kamfanin Gallup bayan yaƙin Gulf a 1991, shekarar da ta biyo baya Bill Clinton ya kayar da shi saboda tattalin arziki. Ɗan Bush ɗin, da ya zama shugaban ƙasa, ya kai 90 bayan harin 11 ga Satumba 2001, kafin ya sauka ya gangaro har 25. A can ma kenan da ƙuri'a ke bin ra'ayi kusa da kusa. Mu nan tsakanin abin da mutum ke ji a ransa da abin da zai dangwala akwai gwamna, akwai mai unguwa, akwai malamin da ya yi huɗuba ranar Juma'a ko faston da ya yi wa'azi ranar Lahadi, akwai taliya da sabulu da atamfa, akwai ko yana da kuɗin motar komawa inda ya yi rajista. Cikin mutum miliyan 93 da ke da rajista a 2023 waɗanda suka fita ba su kai kashi 27 ba, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi. Kamfanin Stears ne na ga ya kama bakin zaren, da ya ce in an fito da yawa Obi, in ba a fito ba Tinubu, kuma wannan sharaɗin shi ne abin da masu yaɗawa suka fara yankewa. Ga kuma tsarin mulki da ya ce sai ɗan takara ya samu kashi 25 a kashi biyu bisa uku na jihohi, abin da adadi ɗaya na ƙasa baki ɗaya ba zai taɓa nuna maka ba.

Masu cewa a watsar da bincike gaba ɗaya a dubi taron jama'a kuwa ba su da abin faɗa, mun ga tattakin mutum miliyan biyu da aka shirya wa Abacha a 1998, mun ga 'yan TAN, ƙungiyar masu yi wa Jonathan kamfe, suna cika filaye suna cewa sun tara wa Jonathan sa hannun miliyoyin mutane kafin 2015, mun kuma ga yadda ta kaya.

Abin da ya sa nake ɗaga murya ba don wani ɗan takara ba ne. Ina tsoron abin da adadin ƙarya ke yi wa mai mulki ne. Shugaban da fadawa suka kewaye, kullum a miƙa masa takarda mai cewa jama'a sun gamsu, zai ɗauka kukan da yake ji na 'yan adawa ne kawai. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce dubu, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024 kafin a canza yadda ake lissafa ta. A watan Agusta na 2024 matasa suka fito zanga-zanga a Kano da Kaduna da sauran garuruwa, aka rasa rayuka, aka kwashi yara ƙanana aka tsare har wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a kotu a Abuja a watan Nuwamba. Wanda duk ya zo bayan wannan ya nuna wa shugaban ƙasa hoto mai launi ya ce Arewa na tare da kai ranka ya daɗe, cutarsa yake yi kuma mu yake cuta. Haka nan ɗan adawar da ke ruɗin mabiyansa da ƙuri'ar da aka kaɗa a shafin X, inda mutum ɗaya ke da akawun biyar, yana tara musu fushin da zai fashe ne ranar da sakamako ya fito ba yadda aka yi musu alkawari ba, kuma mu da muka ga abin da ya biyo bayan zaɓen 2011 a Kaduna da Bauchi mun san ba abin wasa ba ne.

A yi ƙidaya, wannan kam ba sai an faɗa ba. Jami'o'inmu irin su Bayero da ABU suna da malamai da ɗaliban da za su iya shiga ƙauyuka su zauna da mata da maza su yi tambaya da Hausa da Fulatanci da Barbarci, a nemo musu kuɗin da ba na ɗan siyasa ba su riƙa yi duk shekara suna buga komai a fili. Kafin nan kuwa nauyin na kan editoci da masu gabatar da shirye-shiryen siyasa a gidajen rediyonmu, don su talaka ke saurare. Duk adadin da aka kawo muku ku tambayi wa ya biya kuɗin binciken, mutum nawa aka tambaya, ta waya ko ido da ido, a waɗanne jihohi, mata nawa ne a ciki, kuma nawa ne suka ƙi amsawa. In wanda ya kawo ya kasa faɗa, ku mayar masa da takardarsa, kada ku karanta mana ita.