Tsutsar masara ba daga taki take fitowa ba

Mutane da yawa sun ɗauka tsutsar da ke cin tsakiyar masara taki ne ke haifar da ita, ko ruwan sama ke zubo ta. To ba haka bane wallahi, uwa gareta. Kun san irin malam buɗe littafin nan na dare, mai launin ƙasa-ƙasa da ke zagaye fitila? Danginsu sun haura iri 11,000 a duniya, uwar tsutsar ɗaya daga ciki ce, sunanta a kimiyance Spodoptera frugiperda, asalinta nahiyar Amurka, sai 2016 aka fara ganinta a Afirka.

Ita uwar bata cin ganye sam, ruwan fure take sha, aikinta kawai ta zo cikin dare ta dasa ƙwai 100 zuwa 200 wuri ɗaya a jikin ganye ta rufe da wani gashi-gashi, bayan kwana biyu uku su ƙyanƙyashe, shikenan ɓarna ta fara. In ka buɗe kan masarar zaka ga kashin tsutsar kamar dusar katako, a kanta akwai alama kamar Y a kife, can baya kuma ɗigo huɗu. Da ta ƙoshi sai ta sauka ta shige ƙasa ta rikiɗe ta fito da fukafuki.