Mai alƙalami da mai kiɗa, wa ya fi faɗa wa manya gaskiya?

Jama'a wannan gardamar da matasanmu na Garwa ke ta yi, wai rubutacciyar waƙa ta mutu, yanzu waƙar situdiyo ce kaɗai ke iya taɓa masu mulki, ni fa ban yarda da ita duka ba. Suna da hujja kam, kuma babbar hujjar tasu mawaƙin nan na Kamaru Lapiro de Mbanga ne. A 2008 da aka tashi gyara kundin tsarin mulkin Kamaru don a cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa, bawan Allahn nan ya yi waƙarsa ta Constitution constipée, ga kuma tarzomar tsadar mai da abinci ta watan Fabrairu ba ta gama lafawa ba, sai aka kama shi a Afrilu aka ɗaure shi shekara 3, a kotu dai cewa aka yi ya ingiza tarzoma a garinsu Mbanga amma kowa ya san abin da ya kai shi. Sai 2011 ya fito, ya rasu a Amurka a 2014. Tsoron waƙar aka ji saboda ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, da bai gama firamare ba yana jin ta, mai shayi yana kunna ta. Takarda kuwa sai wanda ya yi karatu, mu kuma nan ko ka yi karatun da Faransanci aka koya maka, bokon Hausa sai dai ka lallaɓa da kanka.

To amma wa ya ce marubutanmu a takarda suke barin waƙa? Sa'adu Zungur na Bauchi da ya rasu a 1958 ai rera waƙoƙinsa ake yi, haka su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja a zamanin jam'iyyar NEPU ta Arewacin Najeriya, ba ganga ba kalangu, murya ce kawai da amsa-amo mai kama kunne, mutum ya hardace baiti ya tafi da shi ƙauyensu, ɗan doka ya kama wa? Kafin su ma Nana Asma'u haka ta yi da 'yan taru, wato ƙungiyarta ta karantar da mata, ta rubuta, malamanta mata da ake kira jaji su hardace su kai wa mata har cikin gida. Ku tambayi dattawan Fulanin Marwa labarin masu mbooku, wato waƙar baka ta Fulatanci, su ma ba kiɗa suke ba amma suna faɗa wa zamani abin da ba ya son ji.

Ni inda nake ganin bambancin shi ne wa ke ciyar da mai waƙar. Kiɗa yana cin kuɗi wallahi, kuɗin situdiyo, mai haɗa sauti, mai ɗaukar bidiyo, ga yara 'yan amshi kowa da bakinsa, sefa nawa ke nan kafin waƙa ɗaya ta fita? Dole a nemi ubangida, kuma tun zamanin makaɗan fada haka abin yake, wanda ya ba ka doki da riga ba ka zaginsa. Shi ya sa za ka ga yaro bana ya yi waƙa mai zafi kan rashin wuta da lalacewar hanyar Mora zuwa Kusuri, baɗi lokacin kamfen ka gan shi kan dandamali sanye da atamfa mai hoton ɗan takara yana wasa shi. Ban ce laifinsa ba ne, yana da iyali. Shi marubuci ba mai sayensa don ba ya tara jama'a, talaucin nasa ne ke tsare masa baki daga ciniki, sai dai fa wasunsu su ma sun iya lulluɓe magana da zaurance har wanda aka yi dominsa ya karanta ya yi tafi bai gane ba, wannan kam ba ta da amfani.

Ku masu zuba baitoci a Facebook mutum goma su danna su wuce, don Allah ku riƙa rerawa da muryarku ku tura ta WhatsApp, ko sisi ba za ku kashe ba banda kuɗin data, kuma tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin kasuwa za ta ji abin da kuka ce.