Daren da Na Kawo Hari Ƙofar Gayan

Da bakina na jawo wa kaina. Muna zaune wajen mai shayi a Samaru, wani abokina ya ce sun buɗe zaure a WhatsApp, kowa ya ɗauki suna da sarauta ana ƙaga labari tare, sai dai an rasa mai jan ragama. Na ce, "Wannan har wani aiki ne?" Kafin shayina ya huce an naɗa ni Uban Wasa, ba rawani ba albashi.

Irin wannan wasa daga Amurka ya samo asali. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons: a zagaye tebur, mutum ɗaya ya shimfiɗa labari, sauran kowa ya faɗi abin da gwarzonsa zai yi, a jefa ƙwaya irin ta lido ta raba gardama. Mu ba ruwanmu da dodannin Turawa. Zazzau muka ɗauko ta zamanin Sarauniya Amina, daga Turunku har gindin Kufena. Ƙwayar da masu abin ke ji da ita yau mai fuska 20 ce. Na karaɗe kasuwar Sabon Gari ban same ta ba, sai na lallaɓa na ɗauke ta lidon ƙannena mai fuska 6.

Mu 14 ne a zauren. Su 13 kowa mutum ɗaya yake takawa, ni kuma aka bar mini sauran duniya. Ni ne mai gadin ƙofa, ni ce tsohuwa mai fura, ni ne damina, ni ne jakin da ya ƙi tafiya. Ga littafi da nake rubuta dawakin kowa da bashin kowa. Ga rabon faɗa. Galadima ya nace sai an ba shi AK-47 a ƙarni na 16. Wani ɗalibin likita a Shika ba ya leƙowa sai biyun dare, kuma a lokacin yake so in tashi in zama maƙiyinsa.

Amma ƙarfen ƙafata ɗan sashen tarihi ne, mai riƙe da sarautar Ma'aji. Wata rana na rubuta cewa Sarkin Nupe ya aiko wa Amina goro 1,000. Nan take ya ce tarihin Kano 10,000 ya faɗa, har da babanni 40. "Uban Wasa, ina sauran 9,000?" Kwana uku ana tuhumata da cin goron da ko ɗaya ban taɓa gani ba.

To, daren wata Alhamis bayan isha na shirya musu babban hari. Mako biyu ina tsara shi, har taswirar ganuwa na zana da ƙofofinta, Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Tukur-Tukur, duka. Ina fara rubutu aka ɗauke wuta, cajin wayata kuma saura 3. Cikin rawar jiki na buga:

"Jama'a a yi hattara! Mahara kan dawaki 300 sun tsallako ganuwa ta Ƙofar Gayan. An harbi Madaki a cinya. Kuna da minti 10 kowa ya faɗi abin da zai yi."

Na tura, waya ta mutu. Na miƙe ƙafa ina jin kaina gwanin labari.

Zauren wasanmu sunansa Zazzau Daula. Na danginmu kuma Zazzau Gida. Wanda ya raɗa musu suna iri ɗaya, shi da Allah.

Ba a yi awa ɗaya ba na ji ana dukan ƙofar gidanmu a Tudun Wada kamar za a ɓalle ta. Gwaggo ce, wadda ke zaune a Ƙofar Gayan, cikin keke napep da jikoki huɗu, da buhun masara, da akuya mai ciki. Tana sauka tana salati. Wayar Baba kuwa ba ta huta ba: 'yan uwa na Kaduna, na Kano, har wata da ke aure a Jos tana kuka tana cewa a yafe mata. Kawu ya riga ya zura babbar riga zai tafi dubiya gidan Madaki. A duk dangin nan ba wanda ya tsaya ya tambayi inda mahara suka samo dawaki 300 a wannan tsadar dusa.

Aka kira ni zaure. Na tsuguna.

"Kai ka gan su da idonka?" in ji Baba.

"A'a, Baba. Ni na ƙirƙire su."

Zaure ya yi tsit. Akuya ce kawai ta yi magana.

Na shiga bayani, na kawo Amina, na kawo Turunku, na ce hanya ce ta raya tarihi. Baba ya saurara har na ƙare, sannan ya ce, "Nawa suke biyanka?"

"Sa kai ne, Baba. Kyauta."

Wallahi wannan ta fi harin yi masa ciwo. Ya dubi Kawu ya ce, "Ka ji ko? Ko ƙaryar ma ba a sayar da ita." Ina gyara tsuguno ƙwayar ta faɗo daga aljihuna, ta gangara har gaban tabarmarsa, ta tsaya a kan 6. Gwaggo ta dafe ƙirji: "Har da caca!" Ƙanena daga bayan labule ya ce, "Ga ta nan! Wata biyu muna nema!"

Hukuncin da aka yanke: in biya kuɗin keke zuwa da komawa, in bi dangi ɗaya bayan ɗaya in ba da haƙuri, in kuma riƙe akuya a cinya har Ƙofar Gayan da safe. Ina kunna waya na tarar 'yan wasa su ma sun cika ni da zagi, wai Uban Wasa ya shanya su.

Bayan kwana biyu Kawu ya kira ni gefe. Ya ce, "Wai shi Madakin, ya tashi kuwa?" Na ce sai abin da ƙwaya ta ce. Ya yi shiru, ya ce, "Saka ni a ciki."

Aka ba shi Wambai. Daren farko ya ce zai tsallake ramin ganuwa a kan doki. Na jefa ƙwaya (sabuwa, na saya), ta nuna 1. Na waiga ba kowa, na sake jefawa. Ta sake nuna 1. Sai na rubuta: "Dokin Wambai, Allah ya ja zamaninsa, ya ga dama ya ɗan huta a cikin ramin."

Ma'aji ya ce, "Uban Wasa, mu in 1 ta fito ai jana'iza ake yi mana."

Ban kai ga ba shi amsa ba kiran Kawu ya shigo. Ya ce, "Zo ka same ni a gida yanzu. Ka taho da ƙwayar."