An Karɓe Masa Gurbi, Ya Koma Yana Horar da Wanda Ya Karɓa

Ranar 1 ga Agusta 2024, bayan la'asar, ina zaune a shago na jingina waya da keken ɗinki ina kallon gasar Olamfik ta Paris, sai aka nuno wasan ƙarshe na tseren kwale-kwale a ruwa mai ƙarfi, wanda ake kira silalom. Wani ɗan Italiya, Giovanni De Gennaro, ya kammala cikin sakan 88.22. Yaron masu gida, Titouan Castryck na Faransa, ya yi 88.42, ga jama'arsa cike da bakin ruwa suna ta ihu. Tazarar da ke tsakanin zinare da azurfa ko ƙiftawar ido ba ta kai ba. Amma wanda ya tsaya mini a rai tun daga ranar shi ne mutumin da ke bakin gaɓa, mai horar da tawagar Italiya, Daniele Molmenti. A kansa nake so mu yi magana.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba: mutum ɗaya ne a cikin ɗan siririn kwale-kwale, riƙe da filafili mai baki biyu, ya gangaro cikin ruwa mai tafasa da kumfa. An rataye sanduna bibbiyu a saman ruwan, su ne ƙofofi, guda 18 zuwa 25. Masu kore a bi su tare da ruwa. Masu ja kuwa sai ka wuce su, ka juyo, ka tunkari ruwan da ƙirji ka shiga ta ƙasa. In kafaɗarka ko bakin filafili ya shafi sanda, an ƙara maka sakan 2. In ka tsallake ƙofa, sakan 50, wato ka kama hanyar gida. Horon shekara huɗu ake zubewa cikin minti ɗaya da rabi.

Molmenti ɗan Pordenone ne, can arewa maso gabashin Italiya, an haife shi 1 ga Agusta 1984. Ya je Olamfik ta Beijin a 2008 ya ƙare na 10. A wannan wasan ƙarshen ne Benjamin Boukpeti ya samo wa Togo tagulla, lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasar, har ya karya filafilinsa don murna, don haka kar wani ya ce mini wasan bai shafi Afirka ba. Molmenti dai bai karaya ba. Ya zama zakaran Turai a 2009, zakaran duniya a 2010 a ruwan Tacen da ke Sulobeniya, ya sake cin kofin Turai a 2011 da 2012. Sai zinaren Olamfik ta Landan a 2012: ranar da ya cika shekara 28 cif, ya keta ruwan Lee Valley cikin sakan 93.43, ya bar Vavřinec Hradilek na Jamhuriyar Cek da Hannes Aigner na Jamus a baya. Shi aka ba tutar Italiya ya riƙe a bikin rufe gasar.

To ga inda gizo ke saƙar. A wannan wasa, kowace ƙasa kwale-kwale ɗaya tak ake ba ta a wannan rukuni na Olamfik. Ko da gwanaye uku gare ku, biyu a gida za su kalla. A 2013 a Prague, Molmenti da De Gennaro suna tawaga ɗaya suka ci zinaren duniya na 'yan uku, De Gennaro na da shekara 21, tamkar ƙane ne a wurinsa. Bayan shekara uku, da aka zo zaɓen wanda zai tafi Olamfik ta Rio, ƙanen ne ya karɓi gurbin. Mai riƙe da kambu bai samu ko damar kare kambunsa ba.

Ku ɗan tsaya ku sa kanku a matsayinsa. Duniya ta san sunanka, sai yaron da ya taso yana kallon yadda kake juya filafili ya ture ka gefe. Ga De Gennaro ma na 7 ya ƙare a Rio, wato ƙofa a buɗe take ga duk mai son ya ce "da ni aka tura da ba haka ba". Abin da Molmenti ya yi shi ne ya ajiye gasa, ya karɓi ragamar horar da tawagar ƙasa, yaron nan na cikin waɗanda ke ƙarƙashinsa.

Wallahi wannan ya fi zinaren Landan girma a idona, kuma ina da dalili. Shekara biyar na yi a hannun wani tela ina koyon aiki. Mutum ne gwani, Allah Ya ba shi hannu, ban taɓa ganin mai yanka babbar riga kamarsa ba. Amma duk lokacin da ya shimfiɗa shadda a kan tebur ya ɗauko alli da almakashi, sai ya ce, "Kai, je kasuwa ka sayo zare." Zare kuwa ga shi nan cike da durowa. In na dawo an gama yanka, sai dai in haɗa ɗinki in yi guga. Ban gane ba sai da na girma: tsoro yake kar in iya in kwashe masa kwastomomi. Yanka a wajen wani na koya daga baya, da kuɗina. Ya rasu, Allah Ya jiƙansa, na yafe masa har zuciya, sai dai rabin abin da ya sani ya tafi da shi ƙasa, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Na san wani zai ce ai Molmenti aikinsa yake yi, albashi ake biyansa. Haka ne. Amma albashi ba ya sa mutum ya buɗe cikinsa. Mai horarwa na iya tsayawa da agogo a bakin ruwa shekara goma bai faɗa wa yaro abu ɗaya mai amfani ba. Kuma hanyar ba ta zo da sauƙi ba: a Tokyo, De Gennaro ya tsaya na 14 a wasan kusa da na ƙarshe, bai ma shiga na ƙarshen ba, yana da shekara 29. A wurare da yawa nan za a ce ya tsufa, a nemi wani. Ya dawo ya ci azurfar duniya a Augsburg a 2022, ya zama zakaran Turai a 2024 a Tacen, ruwan da maigidansa ya ci duniya shekara 14 baya.

Shi ma Molmentin ba daga sama ya faɗo ba. Pierpaolo Ferrazzi, wanda ya ci wa Italiya zinare a gasar Barcelona ta 1992, shekarar da aka haifi De Gennaro, yana cikin waɗanda suka horar da shi. Zinare uku ke nan ƙasar ta samu a wannan rukuni na maza, 1992, 2012, 2024, kowane na riƙe da hannun na gabansa. Na ukun kuwa ya faɗo ne ranar 1 ga Agusta, ranar da Molmenti ya cika shekara 40.

Akwai yaro a shagona, shekararsa uku tare da ni, idonsa ya fi nawa kaifi a kan awo, kuma na san wata rana unguwar nan wajensa za ta koma. Washegarin wannan wasa wani bawan Allah ya kawo shadda yadi goma ta ɗaurin aure. Na shimfiɗa ta a tebur, na ji bakina na shirin cewa a sayo zare. Sai na miƙa masa allin, na tsaya a bayansa. Hannunsa na rawa ya ja layin wuya, ya karkace kaɗan, na goge da yatsa na ce ya sake.